Kazar Ɗorin Dudu

Masu karatu, kafin ku sauka ƙasa wurin rubuta ra'ayi ku fara zagina, ku sani na riga ku. Sunana Hayatu. Shekaruna arba'in da bakwai, mataimakin darakta ne ni a wani ofishin gwamnati a nan Jalingo, wanda ba zan faɗi sunansa ba saboda ina son fanshona. Ina da furfura a gemu, ina da ciwon baya, ina da mota mai tashi ranar da ta ga dama. Kuma ranar Asabar da ta wuce na shiga wurin wasan yara da yarinya goye a bayana, da kazar bogi a hannuna.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: matata ta rasu shekara tara ke nan, Allah bai ba mu haihuwa ba. Tun daga lokacin ni da tukunya ɗaya muke zaune a unguwar Kachalla Sembe, ba ta yi mini magana, ba na yi mata. Sai bara wata malamar firamare mai suna Nasiba ta zo ofishinmu karɓar takardar da ake bayarwa cikin minti biyar. Na sa ta dawo sau uku. A zuwa na uku ta dube ni ta ce, "Malam, in magana ce da kai ka faɗa, takalmina ya fara cinyewa." Na faɗa. Mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, tana zaune a Yelwa da mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Dada, da 'yarta ɗaya tilo, Dudu, mai shekara tara.

Komai yana tafiya, har an fara cewa bayan damina za a sa rana. Sai Dudu ta faɗo daga bishiyar gwaiba a makaranta, ƙoƙon gwiwarta ta hagu ya tsage.

Asibiti aka fara kai ta. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka sa mata abin da ke riƙe gwiwa tun daga cinya har ƙwauri, likita ya ce bayan mako shida a fara takawa kaɗan-kaɗan, a riƙa lanƙwasawa, in ba haka ba gwiwar za ta sandare. Dada ta saurare shi har ƙarshe, ta yi masa godiya, washegari ta sa na kai su wurin wani mai ɗori a Iware. Tsohon bai taɓa abin da asibiti suka sa mata ba. Ya shafa man shanu a gefe, ya yi addu'a, sannan ya sa aka kamo wata kaza wake-wake, ya murɗe mata ƙafar hagu, ya ɗaure da kara da tsumma. Ya kafa sharaɗi biyu. Kada ƙafar yarinya ta taɓa ƙasa sai ranar da kaza ta taka tata. Kuma kada kowa ya ɗaga kazar, sai ta tashi da kanta.

A mota muna dawowa Dada ta ƙara na uku.

"Hayatu, ba a maganar rana yarinya tana kwance. Ranar da ta taka, ranar za mu zauna."

To kun ji. Aurena ya koma kan ƙafar Dudu, ƙafar Dudu kuma tana kan ƙafar kaza.

Mai gidan da suke haya yana da karnuka biyu, ba inda za a ajiye majinyaciya. Ni kuma a matsayina na mai neman suna na ce, "A ba ni ita." Na kai ta gida, na yi mata shimfiɗa da tsohon bargo a cikin kwali, na riƙa ajiye mata dawa da ruwa dab da baki don kada ta wahala. Kowace safiya kafin in tafi ofis sai in ɗauke ta hoto in tura wa Nasiba. Ga irin hirarmu ta soyayya a makonnin nan:

"Barka da asuba. Ga ta."

"Ta taka?"

"A'a. Amma ta ci."

"Kai fa?"

"Ni ma ban taka ba."

"Allah ya ba ku lafiya."

Na gano daga baya cewa Dudu ta canza sunana a wayar uwarta. Da "Malam Hayatu Ofis" ne. Yanzu "Mai Kaza".

Mako shida ya cika. Na bakwai ya shiga. Kazar nan tana zaune a kwali, ta yi ƙiba, ta baje fukafukai, in na matso ta yi mini wani gurnani kamar sakatariyar da aka tambaya ko oga yana ciki. Likita ya sake ganin Dudu ya ce ƙashi ya haɗu, me ake jira? Nasiba ta sunkuyar da kai. Dada ta ce ana jiran wata baiwar Allah da ke kwali.

Na kai kuka wurin Tobias, abokin aikina, wanda ya aurar da 'ya'ya uku, saboda haka yake ganin babu abin da bai sani ba. Ya dubi hoton a wayata na daƙiƙa biyu.

"Oga, kaza duk kaza ne. Ka je kasuwan Mil Shida ka sayo ɗan'uwansa mai lafiya, ka ɗaura masa tsumma. Wa zai tambaye shi katin ɗan ƙasa?"

"Tobias, yaudara ce fa."

"Yaudara na taimako ne. Ƙafan yarinya zai sandare, kai kuma ka tsufa. Kuma kada ka saki shi a gida, mama zai duba da kyau. Ka saki a inda mutane da yawa."

Zan so in ce muku saboda gwiwar yarinya na yarda. Na auna abin a raina sau da yawa. Gwiwar ta samu kashi uku cikin goma. Sauran bakwai ɗin, ni ne da tukunyata.

Wurin da mutane suke da yawa kuwa ya samu da kansa. Tun kafin faɗuwar, Nasiba ta yi wa Dudu alkawarin in ta ci jarrabawa za a kai ta Lambun Walwala, sabon wurin wasan da aka buɗe a bakin gari, mai lilo da jirgin ƙasa na yara. Ta ci, ta zo ta biyu, kuma kullum sai ta tuna musu. Dada ta ce a je, da sharaɗin ni zan ɗauki yarinyar, tunda ni ne mai neman shiga gidan. Na ce ai ma akwai albishir, kaza ta fara motsi, zan zo da ita kowa ya gani da idonsa.

Ranar Juma'a na sayo wake-wake a kasuwa. Na zaunar da ita a kan teburin cin abinci, muna fuskantar juna, na ce a raina hagu, na kama ƙafar da ke gefen hannuna na hagu, na ɗaure da kara da tsumma. Na yi aiki mai kyau. Har na yaba wa kaina.

Asabar da hantsi na sa shadda ruwan toka wadda ta sha sitaci har tana ƙara in na motsa, da hula zanna, da takalmi sau-ciki mai santsi. Wato duk abin da bai kamata mai goyo ya sa ba. Nasiba ta fito da atamfa kore mai zanen ganye, da mayafi ruwan madara, ba ta dube ni ba sai ta madubin mota. Dada ta shiga gaba da carbinta da ledar goro. Dudu ta kwashe kujerar baya duka, ƙafa a miƙe a kan cinyar uwarta, da riga ja da kitso shuku, tana kallon kwandon da kazar take ciki.

"Mai Kaza, ina kwana."

"Lafiya lau, Dudu. Ya ƙafa?"

"Tana nan inda take."

A ƙofar lambun mai gadi ya tare mu. Ya nuna allo.

"Oga, ba a shiga da abinci na waje."

"Ba abinci ba ce," na ce. "Majinyaciya ce."

Ya leƙa kwando, ya ga ɗauri, ya dubi ƙafar Dudu da ke reto a gefena, ya cire hularsa ya ce, "Sannu ku biyu." Ya buɗe mana.

Duk wanda ya gina wurin nan bai taɓa ganin mai ciwon ƙafa ba. Daga ƙofa tsakuwa ce aka zuba, mai nitsewa. Bayan tsakuwa matakala bakwai, bayan matakala gada ta katako a kan wani kwalbati da aka yi wa fenti shuɗi aka ce kogi ne. Keken marasa lafiya guda ɗaya suke da shi, na tambaya, aka ce mai sayar da gugguru ya ɗora buhu a kai. Dudu kuma, Allah ya raya ta, yarinya ce mai cin abinci. Ga ƙafarta a miƙe kamar itace, duk inda na juya sai ta share wani. Na ba mutum huɗu haƙuri kafin mu kai inuwa.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Nasiba ce, tana tsaye taku uku daga inda nake.

"Ka kula da ƙafar ita wannan a matakala."

Ga waɗanda ba su san mu ba: Dudu 'yar fari ce. Nasiba ba ta faɗin sunanta, ba ta yaba mata a gaban mutane, ba ta nuna damuwa da ita a gaban Dada. Kunya ce, haka ta taso, haka uwarta ta yi mata. Dudu ma ba ta ce mata mama, Adda take ce mata, kamar yayarta. Ni ma a gidan da ake haka na tashi, shi ya sa ban taɓa ganin abin a matsayin wani abu ba. Ku riƙe wannan.

Dokunan da ke juyawa, aka ce sai an lanƙwasa gwiwa. Motocin karo, Dada ta ce ko gawarta ba za ta yarda ba. Gidan tsalle na roba kuwa ko tambaya ba mu yi ba, Dudu ta kalle shi kawai ta kau da kai, na ji haɓarta ta sauka a kafaɗata ta yi nauyi. Jirgin ƙasa kaɗai ya karɓe mu. Na ɗora ta a kujera biyu, ni kuma aka ce dole babba ya raka ta. Na naɗe kaina a tarago na uku, gwiwoyina a kunnuwana, muka zagaya wani giwan siminti sau huɗu. Wani da muke aiki tare ya hango ni, yana riƙe da jikarsa. Ya ɗaga mini hannu. Na ɗaga masa. Ranar Litinin ba wanda ya tayar da maganar.

Bayan azahar muka shimfiɗa tabarma a kan ciyawa, Nasiba ta buɗe kular dambu. Na ga lokaci ya yi. Na gyara murya.

"Dada, bari mu gwada baiwar Allah nan."

Na karkata kwando. Abin da na tsara shi ne ta fito a hankali, ta ɗan ɗingisa, ta yi taku biyu ko uku irin na wadda ta sha jinya, mu ce alhamdu lillahi. Ban yi shawara da ita ba. Kazar nan ta fito kamar an harba ta. Ta tsallake kular dambu, ta bi ta ƙarƙashin dokuna, ta haye rumfar mai gugguru ta tsaya a kai da ƙafa ɗaya, ƙafar da na ɗaure, tana kallon gari. Sai da mai gadi da mata biyu suka taru kafin a kamo ta.

Aka miƙa wa Dada ita. Dada ta karɓa, ta ɗora a cinya, ta tauna goro.

"Ikon Allah," ta ce. Muryarta ba hawa ba sauka. Ta juya wurin jikarta, ta kira ta 'yarinyata' da Fulatanci. "To, bingel am, kin gani. Taka."

 Nasiba ta daina zuba dambu, cokali a sama.

Dudu ta dubi kaza, ta dube ni. Ta daɗe tana dubana.

"Sai na hau babban lilo tukuna," ta ce. "Da shi."

Babban lilon nan kamar tayar keke yake, sai dai ya fi bene mai hawa uku, da kujeru rataye a jikinsa. Ni mutum ne da ko kwan fitila ba na canzawa sai na kira maƙwabci. Amma Nasiba tana kallo. Mai kula da lilon, wani dogo da aka rubuta Paul a aljihun rigarsa, ya taimaka muka miƙe ƙafar Dudu a kan benci, ni na zauna a gabanta, ya ja ƙarfe ya rufe.

Muka tashi. Rufin gidaje ya fara bayyana, sai kogin Lamurde, sai duwatsu kore shar saboda ruwan bana. An ce da kyau. Ni ƙarfen da na riƙe nake kallo. Muna kaiwa can ƙololuwa janareto ya yi tari sau biyu ya mutu. Kiɗa ya tsaya. Kujerarmu ta yi gaba, ta yi baya, ta tsaya.

"Oga, kada ka damu!" Paul ya ƙwala daga ƙasa. "Mai ne ya ƙare! An tafi kawo shi!"

"Daga ina?"

"Kusa ne!"

Na fara karanta duk abin da na haddace. Dudu ta bari na kai tsakiya.

"Ƙafar hagu aka ɗaure wa kazata."

Na buɗe ido ɗaya.

"Wannan ta dama aka ɗaure mata. Kuma tawa tana da baƙi a wuya. Kullum ina ganin hotonta."

Masu karatu, na yi shekara ashirin da biyu a aikin gwamnati. Na san yadda ake amsa tambaya ba tare da an amsa ba. Na san "ana kan bincike", na san "za mu duba". Duk suka zo bakina suka yi layi. Amma a sama nake, babu ƙofar fita, kuma idonta irin na uwarta ne ranar zuwa na uku.

"Ba taki ba ce," na ce. "Jiya na saye ta a Mil Shida. Taki tana gida, ta ƙi tashi."

"Don ka auri Adda da sauri."

"Da kuma don gwiwarki kada ta sandare."

"Wanne ya fi yawa?"

"Na farkon."

Ta gyaɗa kai kamar malamar da ta samu amsar da take tsammani. Iska ta kaɗa kujerar, na ƙara damƙe ƙarfe. Sai na ga ta sa hannu ta ɓalle maɗaurin da ke gwiwarta, ɗaya, biyu, uku. Ta lanƙwasa ƙafar a hankali, ta miƙe ta, ta sake lanƙwasawa.

"Kwana goma ke nan ina tafiya," ta ce. "In Adda ta tafi makaranta, Dada ta yi barcin hantsi. Ina zuwa har firij. Ina yin abin da likita ya ce, sau ashirin. Ni ba wawiya ba ce, ba na son ta sandare."

Na tuna matakala bakwai. Na tuna tsakuwa. Bayana ya tuna da kansa.

"To me ya sa kika bari ake ɗaukar ki kamar buhun masara?"

Ba ta yi dariya ba. Ta juya tana kallon duwatsu.

"Na ji Dada tana waya da Baffa Abbo, ƙanen babana na Iware. Ya ce ranar da Adda ta yi aure, in koma gidan ubana, ba a kai musu 'ya gidan wani. Dada ta ce to, za a duba. Adda tana wurin tana tsince shinkafa. Ba ta ce komai ba." Ta ja hanci. "Ba ta taɓa cewa komai. Kai ma ba ka ce komai ba. In na taka za a sa rana. In an sa rana za a kai ni Iware. Shi ke nan sai na ƙi takawa."

A nan ne na manta muna sama.

Wata bakwai ina zuwa gidan nan. Mun yi maganar sadaki, mun yi maganar lefe, mun yi maganar ko za ta ci gaba da koyarwa. Ba mu taɓa maganar inda Dudu za ta zauna ba. Ni ina jira uwar ta tayar, don kada a ce baƙo ya shigo yana raba 'ya'yan mutane. Uwar kuma ba za ta iya buɗe baki ta roƙa wa 'yar fari komai ba, ko da za ta mutu da abin a ciki. Kowa ya yi kunyarsa yadda ya kamata, ba wanda ya yi kuskure ko ɗaya, yarinya kuma ta kwana goma tana tafiya a ɓoye a gidansu.

Na saki ƙarfe da hannu ɗaya, wanda shi ne abu mafi jarumta da na yi a rayuwata, na zaro waya.

"Hoton da nake turowa, yanke shi nake yi. Ga cikakkensa."

Ta karɓa. Ga kwali, ga kaza. Bayan kwalin kuma ga ƙaramin gado da ledarsa ba a cire ba, ga tebur da kujera daidai tsawon mai shekara tara, ga kanta ta littattafai babu komai a kai, ga labule mai furanni, ga bango rawaya.

"Ɗakin wa ne?"

"Tun watan azumi na sa aka yi fenti. Shi kaɗai ne mai raga a taga, shi ya sa na sa kazar a ciki."

"Na ce ɗakin wa ne?"

"Naki ne. In kina so."

Ta ja hoton da yatsu ta ƙara masa girma. Ta duba gado, ta duba tebur, ta koma kan gado. 

"Rawaya," ta ce. "Wa ya ce maka ina son rawaya?"

"Mai fenti."

"Shuɗi nake so."

"Za a sake."

"Baffa Abbo yana da faɗa. Yana da sanda."

"Na gan shi sau ɗaya."

"Za ka faɗa a gabansa? Ko sai a sama kake iya magana?"

Kafin in amsa janareto ya yi kururuwa, kiɗa ya dawo daga tsakiyar waƙa, muka fara sauka. Na ce mata zan faɗa. Ban sani ba ko ta ji, amma ta mayar mini da wayar da hannu biyu.

Da muka iso ƙasa Paul ya ɗage ƙarfe, ya ce, "Oga ka yi ƙoƙari, wani in ya hau har kuka yana yi." Na juya baya na durƙusa don ta hau.

"Tashi," in ji Dudu. "Shaddarka ta riga ta mutu."

Ta sauko da ƙafar dama. Sannan ta hagu. Ta kama hannun rigata, ba hannuna ba, rigar, ta fara takawa a kan tsakuwar nan tana ɗan ɗingishi. Na ƙirga, taku goma sha tara ne daga lilo zuwa tabarma. Nasiba ta miƙe tsaye tun a na uku. Ta yi taku ɗaya za ta taho, ta tuna uwarta tana wurin, ta tsaya, ta juya tana kallon rumfar gugguru kamar ba ta taɓa ganin irinta ba. Ta sa bakin mayafi a ido. Ta ce hayaƙin janareto ne.

Dada tana zaune yadda muka bar ta, kaza a cinya. Sai dai ta kwance ɗaurin. Ta ninke tsumman, ta jera karan a kansa, ta ajiye a gefen tabarma inda zan gani.

"Dada, ina da ɗaki," in ji Dudu. "Da gado da tebur. Kaza ce a ciki."

Dada ta jawo ta ta zaunar, ta shafa gwiwar, ta tofa addu'a. Sannan ta ɗago.

"Hayatu."

"Na'am, Dada."

"Ina kiwon kaji tun kafin a yanke maka cibiya."

"Haka ne, Dada. Na yi laifi. Taku tana gida, ba ta tashi ba, ni kuma na gaji da jira."

"Na ga ka gaji. Ko hagu da dama ba ka tsaya dubawa ba. Nuna mini tawa."

Mako bakwai ana turo hoton nan, ba ta taɓa kallo ba, rahoto kawai take karɓa, don ta ce waya tana sa mata hawaye. Na miƙa mata. Ta nisanta ta da fuska, ta matso da ita, ta daɗe a kan gadon da teburin fiye da yadda ta daɗe a kan kazar. Sannan ta yi wani ɗan sauti a hanci.

"Wannan ai kwanci take yi."

"Na'am?"

"Kwanci. Ƙwai ne a ƙarƙashinta. Dubi yadda ta baje. Ƙafarta ta warke tun tuni, in ka fita take tashi. Ba ka taɓa ganin kashinta nesa da kwalin ba?"

Na gani. A bakin taga, da ƙarƙashin tebur. Na ɗora wa ƙadangaru laifin, har na sayi magani.

Nasiba ta juya mana baya gaba ɗaya. Kafaɗunta suna rawa, kuma wannan karon ba hayaƙi ba ne.

"Yarinya ta taka," in ji Dada, tana mayar da goro a leda. "Na yi magana, ba zan janye ba, za mu zauna. Amma ba ni kaɗai ba. Zan aika wa Abbo ya zo ranar Asabar. Maganar ɗakin nan, ba ni za ka faɗa wa ba, ba kuma ita wannan ba," ta nuna Nasiba da haɓa, ba ta faɗi sunanta ba, "don ita ba za ta ce komai ba, ni na san wadda na haifa. Shi za ka faɗa wa. In ya yarda, a sa rana. In bai yarda ba, kai da shi."

"To, Dada."

"Kuma kada ka sa wannan takalmin."

Na sauke su a Yelwa da la'asar sakaliya. Dudu ta shiga gida da ƙafarta, ba ta waiwayo ba. Kazar Mil Shida Dada ta riƙe, ta ce ladan wahalarta ne, karnuka kuma ba za su iya kamo wannan ba.

Da na isa gida ban cire hula ba na wuce ɗaki mai rawaya. Na karya sharaɗin mai ɗori na biyu, na ɗaga baiwar Allah. Ta sare ni a babban yatsa. Ƙwai tara. Ta sauka daga hannuna, ta taka har bakin taga da ƙafa biyu lafiyayyu, ta dube ni, ta dawo ta zauna.

Waya ta yi ƙara. Nasiba.

"Na gode da ɗakin ita wannan."

Na tsaya ina karantawa, kalma shida, na karanta su ya fi sau goma. Ina neman amsar da ta dace da mataimakin darakta sai ga wani saƙon ya shigo, na murya, daƙiƙa bakwai.

"Mai Kaza, Dudu ce. Baffa Abbo ya ce zai zo da sandarsa. Ka fitar da ita daga ɗakina kafin Asabar. Kuma a wanke."